Wa ya ba su lambar Baba? Yadda manhajojin waya ke kwashe bayananmu ba mu sani ba



Wata ranar Talata da hantsi muna zaune a rumfa a kara, ana jiran tirela daga Potiskum, sai wayar Baba ta yi ƙara. Wayar tasa irin 'yar ƙaramar nan ce mai madannai da tocila, ba ta hawa intanet, ba ruwanta da Facebook. Ya duba ya ga Turanci ne, sai ya miƙo min ya ce, "Kai, karanta min, ko alat ne."

Ba alat ba ne. Saƙo ne da ke cewa wane, wato wani yaron Baba, ɓarawo ne, ya gudu da kuɗin kamfani, kuma wai Baba ne ya tsaya masa, don haka ko ya biya ko a kama su tare. Yaron nan yana tsaye kusa da mu yana ba shanu ruwa. Kafin azahar saƙon ya shiga wayar dillalai uku, da mahauta biyu da muke ba shanu bashi, da limamin unguwarmu. Da yamma ya isa Arewa, har gidan da yake neman aure.

Gaskiyar maganar ita ce ya ci bashin naira 15,000 a wata manhajar ba da rance da ya sauke a wayarsa, kwanakin biya suka wuce da huɗu. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan manhajar ba. Abin da ya fi ciwo shi ne aikin yaron nan karɓo kuɗi ne a hannun mahauta. Washegari ɗaya daga cikinsu ya ƙi ba shi, ya ce sai dai Alhaji ya turo wani.

Baba ya biya bashin a ranar. Amma tambayar da ya yi min a rumfa ita ce ta hana ni barci: "To ni da ban taɓa cin bashinsu ba, wa ya ba su lambata?" Amsar wannan tambayar ce nake so mu duba, don ta shafi duk mai riƙe da waya, daga Agege da Mile 12 har Sabon Ibadan, Lokpanta da Fatakwal.

Labari ma haja ne

Duk wanda ya tashi a harkar shanu ya san cewa maigida ba da ɗakin saukar baƙi kaɗai yake cin abinci ba. Abin da ke kansa ne jarinsa. Ya san mahaucin da ke biya kan lokaci, ya san wanda ya ci bashi a wurare uku, ya san wanda ya yi sabon aure kuɗi suka yi masa ƙaranci. Bafatake ya zo daga Maigatari ko Mubi, bai san kowa ba, sai ya miƙa shanunsa bisa maganar maigida. Wannan sanin shi ake saya da la'ada.

To abin da manyan kamfanonin fasaha suke yi ke nan, sai dai nasu ya fi girma nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne maigida ka san shi, ka san gidansa, idan ya tona maka asiri akwai Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa da za a kai ƙara. Su kuwa waɗannan ba ka san fuskarsu ba, kuma abin da suka tara a kanka ba ya mantuwa.

Mun saba cewa Facebook kyauta ne, WhatsApp kyauta ne, TikTok kyauta ne, data kawai za ka sa. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu sama da dala biliyan 160 a shekarar 2024, kuma kusan duka daga talla ne. Mai talla ba ya son ya yi shela a inda ba mai saye. Yana son a kai tallarsa gaban namiji ɗan shekara ashirin da wani abu, mazaunin Legas, mai jin Hausa, wanda kwanan nan yake duba farashin babur. Kamfanin da ya fi sanin ka shi ya fi karɓar kuɗi. Shi ya sa suke tara sunanka, lambarka, irin wayarka, inda kake kwana, inda kake wuni, bidiyon da ka tsaya ka kalla har ƙarshe, da wanda ka wuce da sauri.

Wasu na cewa wayar na sauraren hirarmu, don ka yi zancen abu sai ka ga tallarsa. Meta ya sha musanta wannan. Ni abin da na fahimta shi ne ba sai sun saurare ka ba. Idan abokinka da kuke wuni a rumfa ɗaya ya nemi abu a wayarsa, kuma an san kuna tare kullum, ya isa a yi hasashen kai ma zancen ya zo kunnenka.

Ta ina suke shiga?

Ƙofa ta farko ita ce izini. Idan ka sauke manhaja, wato abin da samari ke ce wa af, sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci yana tambaya ko ka yarda ta ga lambobin da ke wayarka, ko hotunanka, ko saƙonninka, ko inda kake. Mu kuwa sauri muke yi, sai mu danna Allow, mu sake danna Allow, har ta buɗe. Yaron Baba abin da ya yi ke nan. Da dannawa ɗaya ya miƙa lambobi sama da ɗari huɗu, har da ta Baba, har da yadda ya rubuta sunan kowa. Shi ya sa suka san wane ne maigidansa, wane ne surukinsa.

Ƙofa ta biyu ita ce lambar talla. Kun san yadda ake shafa wa shanu fenti kafin a yi lodi, kowane bafatake da alamarsa, don in an sauke a Oko-Oba ko Akinyele a gane na wane. To kowace wayar Android da iPhone tana da irin wannan alama, wata doguwar lamba ce da manhajoji ke iya karantawa. Manhajar ƙwallo ta ga alamar, manhajar wasa ta gani, ta labarai ma ta gani. Ko ba su san sunanka ba, idan aka haɗa abin da kowacce ta gani, sai ga mutum ya fito sarai: ga inda yake kwana, ga masallacin da yake Juma'a, ga ranar da yake tafiya Arewa.

Ƙofa ta uku ita ce wurin da kake. Ko ƙaramar waya ce, muddin akwai sim a ciki tana magana da ƙarfen sabis mafi kusa, don haka kamfanin layinka ya san yankin da kake. Babbar waya kuma tana da GPS, wanda ke nuna wuri kusan daidai ƙofar gida.

Ga misalin da ya kamata ya tsaya mana a rai. A watan Nuwamba na 2020, wata kafar labarai ta Amurka mai suna Motherboard ta bankaɗo cewa manhajar Muslim Pro, wadda ke nuna lokutan salla da alƙibla, kuma aka sauke ta kusan sau miliyan 98, tana tura bayanan wurin da masu amfani da ita suke zuwa wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode. Shi kuma X-Mode cikin masu saye a hannunsa akwai 'yan kwangilar da ke yi wa sojan Amurka aiki. Masu Muslim Pro sun musanta cewa sun sayar wa soja bayanan kowa, suka kuma yanke hulɗa da X-Mode. A farkon 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta hana kamfanin sayar da bayanan wurare masu haɗari ga mutane, irin su wuraren ibada da asibitoci. Ka duba fa, mutum ya ba da izini ne don a nuna masa gabas, ashe akwai dillali a tsakani.

Ba kai kaɗai ke riƙe da sirrinka ba

Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure wa Baba kai. Shi bai danna komai ba, amma lambarsa tana cikin wayoyin mutane ɗaruruwa, kuma kowane ɗayansu ƙofa ne.

Dubi Truecaller, manhajar wani kamfanin ƙasar Suwidin da yawancinmu ke amfani da ita don gane mai kira. Sunayen da take nunawa, da yawansu daga wurin jama'a ta samo su. Shi ya sa za ka kira baƙo ya amsa da "Alhaji mai shanu", ko wani laƙabin da abokanka kaɗai suka sani. Ga mai neman ciniki wannan ba laifi. Amma ka tuna ɗan damfara ma yana da Truecaller. A 2019 hukumar NITDA ta buɗe bincike a kan manhajar saboda batun sirrin 'yan Najeriya.

Babbar badaƙalar da ta fito da wannan fili ita ce ta Cambridge Analytica a 2018. Mutum kusan 270,000 ne suka yi amfani da wata manhajar tambayoyi a Facebook, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan abokansu, har adadin ya kai wajen mutum miliyan 87. Aka yi amfani da su a harkar siyasa. A 2019 Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Mu ma abin ya taɓo mu, don jaridar Guardian ta Ingila ta ruwaito cewa wani attajirin Najeriya ya ɗauki wannan kamfani haya gab da zaɓen 2015 don ya yi aiki a kan Buhari.

Masu ba da rance ta waya kuwa, su suka mayar da abin makami. Ba sa neman jingina, don lambobin wayarka su ne jinginar, mutuncinka shi ne abin da suka riƙe. A watan Agusta na 2021 NITDA ta ci wani kamfani mai suna Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda tura wa mutanen da ke cikin wayar masu bashi saƙonni. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Ikeja. Daga ƙarshen watan Mayu na 2023 kuma Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. To amma wasunsu sun canja hanya. Yanzu sai a turo maka mahaɗi ta WhatsApp ko ta saƙo a ce ka sauke kai tsaye. Duk manhajar da ta zo ta wannan hanyar, ta bi ta bayan katanga ne, dokar Google ba ta hau kanta ba.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Amma bashin da za a karɓi sunayen iyayenka da surukanka kafin a ba ka, a yi tunani.

NIN da BVN ba abin aro ba ne

Tun Disamba 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma a Afrilu 2022 aka fara hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. BVN kuwa tun 2014 ake yin ta. Ma'anar wannan ita ce layinka, asusunka na banki, hotonka da zanen yatsunka duk an ɗaure su a turke ɗaya.

A nan ne mu 'yan kasuwa muke da sakaci. Baƙo ya sauka daga Arewa ko daga Nijar ba shi da NIN, sai a ce wane taimaka ka yi masa rajistar layi da taka. An yi don zumunci. Bayan wata shida ya sayar da wayar da sim ɗin a ciki, ko ta faɗi a mota. Ranar da aka kira wani da layin nan aka nemi kuɗin fansa, sunan da zai fito a kwamfuta naka ne, hoton naka ne. Kafin ka yi bayanin cewa taimako ka yi, ka kwana nawa a hannu?

Haka masu zuwa kasuwa da takarda da biro suna cewa ana rabon tallafi, a kawo NIN da BVN da hoto, har ma su ba ka ɗan wani abu. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan masu sayen bayanan mutane da naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusu da su ana wuce da kuɗin damfara. Kuɗin da bai kai na cefanen yini ɗaya ba, amma asusun da sunanka yake.

Wani lokacin kuma ba laifinka ba ne sam. A 2024 wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative ta nuna cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 100, har ta sayi na ministan sadarwa Bosun Tijani don ta kafa hujja. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ma ta ina ya fita, darasin shi ne: don mutum ya kira ka ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka, wannan ba shaida ba ce cewa daga banki yake.

"Ai ba da sunana nake ba"

Da yawa cikin samarinmu suna da asusu na biyu a Facebook ko TikTok, da sunan bogi da hoton zaki ko na wani ɗan ƙwallo. Da shi ake zagi, da shi ake tsokanar 'yan wata ƙabila idan rikici ya tashi. Ana ganin ba wanda ya sani.

Ɓoye suna yana da amfaninsa, ban musa ba. Wanda zai fallasa masu karɓar kuɗi ba bisa ƙa'ida ba a shingayen hanya, ko matar da ke neman shawara a kan matsalar gidanta, suna da dalilin sakaya suna. Amma a san iyakar abin. Sunan bogi yana ɓoye ka ne daga sauran masu karatu, ba daga kamfanin ba. Da wace lamba ka buɗe asusun? Da layin da ke ɗaure da NIN ɗinka. A wace waya? Wadda asusunka na gaskiya yake ciki. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu layi da na zirga-zirgarsu har shekara biyu, su kuma miƙa wa jami'an tsaro idan an nema bisa doka. Manyan kamfanonin waje ma suna karɓar irin wannan buƙata daga gwamnatoci, har suna wallafa adadinta.

Mun ga yadda rubutu ɗaya ke kai mutum ga ɗauri. A Nuwamba 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda abin da ya rubuta a Twitter watanni kafin nan game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, aka kai shi Abuja, sai da jama'a suka yi ca kafin a janye ƙarar. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa har hoto ake ɗaukar ta.

Sai VPN, wanda yawancinmu muka koya lokacin da aka rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Yana ɓoye wa kamfanin layinka shafin da ka shiga, amma shi mai VPN ɗin yana ganin ta inda ka bi. Idan na kyauta ne, ka tambayi kanka da me yake biyan ma'aikatansa.

WhatsApp fa? Tun 2016 saƙonni da kira a cikinsa a kulle suke, daga kai sai wanda ka tura wa, kamfanin ma ba ya karantawa. Wannan gaskiya ne. Amma ya san lambarka, irin wayarka, da lokutan da kake hawa. Kamar direban da bai buɗe wasiƙa ba, amma ya san gidan da ta fito. Kuma makullin ba ya hana wanda ka tura wa ya ɗauki hoton maganarka ya yaɗa. A guruf mai mutum ɗari biyar, irin na ƙungiyar kasuwa ko na 'yan garinku, kowa na ganin lambar kowa, kuma ba duka ka sani ba.

Me doka ta ce?

Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin sirri a gidansa, wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yuni na 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta kana da ikon tambayar kamfani abin da ya tara a kanka, ka sa ya gyara kuskure, ka nemi ya goge, ka kuma janye izinin da ka bayar. Babban kamfanin da ya karya dokar ana iya cin sa tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Kuma an fara taɓa manya. A watan Yuli na 2024 FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220, bisa zargin raba bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba, da kuma ba su zaɓin da bai kai wanda ake ba mutanen wasu ƙasashe ba. Meta ya ɗaukaka ƙara, amma a Afrilu 2025 kotun sauraren irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar.

Wannan ci gaba ne. Sai dai tara ba ta dawo da saƙon da ya riga ya shiga wayar surukinka. Idan manhajar rance ta ɓata maka suna, kada ka goge saƙonnin, ka ɗauki hotonsu, ka kai koke FCCPC ko NDPC. Shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa za su iya tattara irin waɗannan koke su kai gaba ɗaya, don ya fi nauyi.

Abin da za ka iya yi yau

Na farko, shiga setin na wayarka, ka nemi wajen izinin manhajoji. Duba su waye ke ganin lambobinka, saƙonninka, kamara, makirfo da wurin da kake. Tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutane. Manhajar salla ba ta buƙatar bin ka dare da rana, ka zaɓa mata gari da hannunka ya wadatar. Wadda ba ka amfani da ita, goge ta. A nan cikin setin, wajen Google, akwai inda ake goge lambar tallar nan.

Na biyu, lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo, da lambar da banki ke turowa, da lambar sirrin katinka, ba a faɗa wa kowa. Ko da muryar wanda ka sani ce, ko an ce za a sa ka a taron ƙungiya ne. Da su ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum a bi 'yan uwansa ana roƙon kuɗi da sunansa. Ka kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, minti biyu ya isa.

Na uku, sa wa sim ɗinka lambar sirri, ba wayar kaɗai ba. Ɓarawon waya yanzu sim yake nema, don da shi ake shiga asusu. In waya ta ɓace, banki za ka fara kira a rufe, sannan kamfanin layi. Layin da ke haɗe da bankinka kuma kada ka bar shi ya mutu, don idan ya daɗe ba a amfani da shi ana sake sayar wa wani, alat ɗinka ya koma hannun baƙo.

Na huɗu, wajen mai caji, mai gyara, da mai tura wa'azi da fina-finai. Yawancinsu 'yan uwanmu ne masu amana, amma waya a buɗe kamar ɗaki ne a buɗe. Kulle ta kafin ka bayar, in gyara ne cire sim da memori. In za ka sayar, a goge komai a mayar da ita kamar sabuwa a gabanka. Wajen mai POS kuma ka sa hannu ka kare lokacin danna lamba, kada ka karanta masa ya danna maka.

Na biyar ya shafe mu 'yan harkar dabbobi musamman. A daina ɗora bidiyon lodi ana faɗin yau muka taso, ga lambar tirela a fili, ga hanyar da za a bi. A daina ɗora hoton alat ko damin kuɗi a istatus. Kowa ya san halin da hanya take ciki. In dole sai ka ɗora, bari sai an sauke lafiya. Wannan ba kamfani ne ya sace ba, mu muka bayar da hannunmu.

Na shida, saƙonnin tallar da ke damun ka, tura STOP zuwa 2442, tsarin hukumar NCC ne, kyauta ne. Truecaller ma yana da shafin da mutum zai cire lambarsa.

Na ƙarshe, iyayenmu. Yawancinsu ba sa karanta Turanci, mu suke miƙo wa waya. Amana ce. Mu zauna mu yi musu bayani da Hausa, mu gaya musu banki ba ya kira ya nemi lambar sirri. Mu kuma tuna cewa lambobin da ke wayarmu ba namu ba ne, na mutane ne da suka ba mu don sun yarda da mu. Addininmu ya hana bin diddigin sirrin mutane, to bai kamata mu zama mu ne ƙofar da wani zai bi ya yi ba.

Yaron Baba yana nan tare da mu. Sai da Baba ya taka da ƙafarsa ya je wurin mahaucin nan ya ce, "Yarona ne, ni na san shi, in ya ci kuɗinka ni zan biya," sannan aka ci gaba da ba shi kuɗi. Maganar auren kuwa sai da kawunsa ya yi zuwa biyu kafin ta daidaita, an ɗaga zuwa bayan Babbar Salla. Ranar da aka gama sasantawa, Baba ya sa duk yaran rumfa suka kawo wayoyinsu, ya zaunar da ni a kan benci ya ce in duba su ɗaya bayan ɗaya. A waya bakwai na samu manhajar rance a huɗu.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya kai mu gidajenmu lafiya.